Katako Huɗu a Jirgin Jucivaldo

Saƙon ya zo ne ranar Laraba, a bakin mai jirgin da ke zagayawa sayen asai, 'ya'yan wani irin dabinon kogi. Mutumin bai ko kashe inji ba, ya dai rage gudu a gaban gadar katakon gidan, ya kwaɗa kira kamar mai tallan kifi:

"Seu Jucivaldo! Dona Edileuza ta ce a gaya maka matarka ta iso gidanta a garin Breves! Ka je ranar Asabar! Wai sai ta ga jirgin da idonta kafin ta ce za ta biyo ka ko ba za ta biyo ka ba!"

Ka ji fa. Saƙo irin wannan ai a kunne ake raɗa shi, amma wannan bawan Allah ya watsa shi a kan ruwa, kuma ruwa ba ya riƙe magana. Kafin rana ta karkata babu gidan da bai ji ba a duk faɗin kogin Jaburu. Jucivaldo yana tsugune yana barbaɗa wa jatan lande gishiri, ya ɗaga hannu kawai alamar ya ji. Sai da jirgin ya sha kwana ya lura ya juye gishirin duka a kwando ɗaya.

Wata bakwai ke nan rabon matarsa Dalvina da gidan. Shekara ashirin da uku suka yi tare, Allah bai ba su haihuwa ba, daga shi sai ita sai kaji da jirgi. In ta ce ba za ta dawo ba, to shi kam ba shi da wani a duniya, kuma ya sani.

Ranar Asabar gari na wayewa ya sauka cikin jirgin. Ya riga ya sake masa fenti, fari da shuɗi, ya sa an sabunta sunan da ke goshinsa da jajayen haruffa masu lanƙwasa: DALVINA. Ya kafa rumfar tamfol a tsakiya, don an ce masa yanzu kanta ba ya jure rana. Ya ajiye matashi a kan benci. Daga bayan injin kuma, inda a da dogon ƙarfen da ke juya farfela yake kwance tsirara a ƙasan jirgin, yanzu akwai akwati na katako, dogo siriri, ya rufe shi ruf daga farko har ƙarshe. Ya ɗauki tsumma ya sake goge akwatin, ko da yake babu ƙura a kansa.

Maƙwabcinsa Ozéias ya iso a ƙaramin kwalekwale, yana tauna garin rogo busasshe. Jucivaldo ne ya riƙe 'yarsa ta fari ranar da aka sa mata albarka a coci, tun daga nan suke kiran juna kompadre.

"Kai, kompadre! Amarya za a ɗauko ne? Har da matashi! Ni shekara nawa ina shiga jirgin nan, ban taɓa samun ko buhu na zauna a kai ba."

"Kai da gindinka ya fi katakon tauri, me za ka yi da matashi?"

"To, ka ci ni." Ozéias ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya masa. Ya riƙe gefen jirgin. "Matata za ta share gidan, ta yanka kaza. Za ta dawo, kompadre. Macen da ta aiko a kira ka ai ta riga ta yi rabin hanya."

"Allah ya ji bakinka."

Ya juya hannun injin, ya tashi da tari biyu, ya kama bugunsa. Awa huɗu ce zuwa Breves in ruwa yana tare da kai. Awa huɗu kuwa ta isa mutum ya tuna duk abin da ba ya son tunawa.

Matan cocinsu ba sa sa almakashi a kansu, daga haihuwa har kabari. Gashin Dalvina in ta kwance shi har bayan gwiwa yake kaiwa, baƙi wuluk, mai nauyi. Duk safiyar Lahadi takan zauna a bakin gada ta saki ƙafafunta saman ruwa, shi kuma ya zauna a bayanta da mataji da kwalbar man andiroba, ya taje mata tun daga ƙasa yana hawa. Maza masu wucewa a kwalekwale su yi ta tsokanarsa, wai Jucivaldo ya buɗe shagon kitso. Ko a jikinsa. Yana son gashin nan, yana son matar da ke ƙarƙashinsa, kuma bai taɓa jin kunyar a sani ba.

To amma fa Jucivaldo yana da wani hali, kuma ni da na san shi ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai hannu. Shi ya ƙera jirgin nan da kansa, daga sare itace har toshe tsagu. Bencin coci goma sha biyu a mako ɗaya ya gama su. Akurkin kajin Ozéias, ƙofar gidan fasto, akwatin gawar tsohuwa Dona Zuíla, duk shi ne. In aikin wani ne, kafin ka rufe baki ya ɗauko zarto. In na gidansa ne, sai gobe.

Sau uku Dalvina ta yi masa maganar ƙarfen.

Na farko lokacin da labari ya zo cewa ƙarfen wani jirgi ya kama gashin wata yarinya a can ƙasan kogi. Dalvina ta ce, "Juci, ka rufe abin nan. Ni ce fa nake sunkuyawa a kansa." Gaskiyarta ce. Namiji yana baya riƙe da akalar jirgi, ruwa kuma a ƙarƙashin ƙarfen yake taruwa, mace ce ke ɗaukar ƙoƙo ta kwashe. Haka ake yi a kowane jirgi. Ya ce mata, "In na rufe shi, ta ina zan riƙa sa masa giris? Ki dai ɗaure gashinki da kyau."

Na biyu lokacin da babban jirgin sojan ruwa mai launin toka ya zo ya tsaya a bakin kogi, aka yi ta sanarwa a rediyo cewa duk mai jirgi ya kawo a sa masa murfi kyauta. Sai wani mai dogon baki ya ce tarko ne, duk jirgin da ba shi da takardu ƙwace shi za a yi. Wa ke da takardu a Jaburu? Jucivaldo da Ozéias suka tura jiragensu cikin wani lungun rafi, suka lulluɓe su da ganyen asai, suka yini a can sauro yana cin su, suna ƙyalƙyala dariya wai sun fi gwamnati wayo. Babu jirgin da aka ƙwace, ko ɗaya. Waɗanda suka je sun dawo da murfinsu, har da 'yan huluna. Da ya shigo gida fuska duk kumburin cizo, Dalvina ta dube shi ta ce, "Sannu da wayo." Ya ce shi zai yi nasa da kansa, wanda ya fi na gwamnati kyau, bari dai kakar asai ta wuce.

Kakar asai ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Na uku a safiyar ranar ne, yana taje mata kai. Ba ta ma juyo ba, ta ce, "Wai har yanzu kakar ba ta ƙare ba?" Ya yi dariya ya ja mata gashin kaɗan da wasa.

Suna dawowa daga coci da tsakar rana, an yi ruwan sama, jirgin ya sha ruwa. Ta tattare rigarta ta Lahadi ta durƙusa da ƙoƙo, tana rera waƙar da aka rufe sujada da ita. Gashin a naɗe yake, ta soke shi da tsinke. Man da ya shafa mata ne ya sa tsinken ya sulluɓe, ko jijjigar inji ce, Allah kaɗai ya sani. Shi dai abin da ya ji, injin ya sauya murya, ya yi wani gurnani kamar zai mutu, sannan ya ci gaba da bugunsa. Ƙiftawar ido ɗaya. Ko ihu ba ta samu ta yi ba.

Ba zan faɗi abin da ya gani ba. Ya kashe injin, ya tuɓe rigarsa ya naɗe mata kai, rigar ta jiƙe, ya yage zanen da suke zama a kai ya ƙara. Sannan ya dubi kogi, gabas daji yamma daji, asibiti mafi kusa yana Breves. Babu wata hanya. Da hannunsa ya sake tayar da injin nan, ya kwantar da kanta a cinyarsa, hannu ɗaya a akala, ya yi awa huɗu yana kallon gashin matarsa yana juyawa a jikin ƙarfen.

Daga Breves aka wuce da ita babban asibiti a Belém. Yayarta Edileuza ce ta bi ta, don masaukin masu jinya mata kawai yake karɓa. Sau ɗaya ya je. Ya yi yini guda a babban jirgi, ya tsaya a barandar asibitin da hula a hannu, Edileuza ta fito ta ce, "Ta ce kada ka shigo." Bai yi gardama ba. Ya koma gida, washegari ya yi akwatin. Kafin mako ya zagayo babu jirgin da ba a rufe ƙarfensa ba a Jaburu, Ozéias ma da murfin tsohon firji ya rufe nasa. Kash, mu mutanen kogi sai mun ga jini muke jin magana.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da ya hango hayaƙin injinan yankan katako na Breves. Ya ɗaure jirgin a tashar kasuwa, tsakanin wani mai ɗauke da gawayi da wani mai aladu. Ya ciro wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin benci, ya rungume shi, ya hau tsani.

Gidan Edileuza yana bayan kasuwa, inda take da rumfar soyayyen kifi da asai. Ita ta buɗe ƙofa. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta taɓa ƙaunarsa ba tun ranar da ya zo neman ƙanwarta. Ta dube shi daga hula har silifa.

"A'a, babban kafinta ne da kansa! Shigo mana. Ka yi hankali da ƙofar, ta ɗan karkace, amma kada ka damu, sai bayan kakar asai."

Ya haɗiye. Ya ce, "Barka da rana, Dona Edileuza."

"Yaya, ya isa," in ji wata murya daga ciki.

Tana zaune a bakin ragar kwanciya, kusa da taga. Ta ɗaura ɗankwali mai furanni, ta jawo shi har saman ido. Girarta da fensir aka zana, kuma ɗankwalin bai gama rufe inda rabin kunnenta na hagu ya tafi ba. Ta rame, fatarta ta yi haske irin na wanda ya daɗe a ɗaki. Amma ita ce. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu.

Ita ce ta fara. "Ka rame, Juci."

"Ke ma."

"Ni ina da dalili. Kai me ya hana ka cin abinci?"

"Girkin nawa ne. Ko karen Ozéias ba ya ci."

Bakinta ya ɗan motsa. Edileuza ta dire masa kofi a gabansa da ƙarfi har ya fantsama, babu sukari, ta koma ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu.

"Kajina fa?"

"Suna nan. Jar ta ƙyanƙyashe tara, shaho ya ɗauki biyu."

"Barkonon da ke cikin tsohon kwalekwale?"

"Ina ba shi ruwa. Ya yi 'ya'ya har ya gaji."

"Rufin kicin?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gyara. Da matakala, da tagar baya. Duka na gyara."

"Ikon Allah," in ji Edileuza daga ƙofa. "Ashe kan mutum ake jira a cire."

"Yaya!"

Dalvina ta nuna gwangwanin da haɓa. "Wannan fa? In biskit ne ka makara, an hana ni zaƙi."

Ya miƙa mata. Ta buɗe, sai ga gashinta a ciki. Kwana uku ya yi kwance a ƙasan jirgi da 'yar wuƙa yana warware shi daga jikin ƙarfen, zare-zare, don kada ya yanke. Ya wanke shi da sabulu sau biyar har giris ɗin ya fita, ya shanya a inuwa, ya taje, ya shafa masa andiroba, ya kitse shi jela ɗaya ya naɗe. Ƙanshin man ya cika ɗakin. Edileuza ta leƙa, ta sa hannu a baki.

Dalvina ta shafa kitson da yatsu biyu. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Ka iya wanki," ta ce. Can ta ƙara, "Akwai wasu mata a Belém da suke ɗinka wa yara hular gashi. Akwai wata 'yar shekara takwas da gadonmu yake kusa, kullum tana tambayata ko nata zai sake fitowa. Yaya, ki aika musu. Zai yi biyu, ko uku."

Ta rufe gwangwanin, ta miƙe. Sai a lokacin ya ga jaka a bayan ragar, a ɗaure, an gama shiri. 

Edileuza ta tare ƙofa. "Dalva, ki yi tunani. Ga ɗaki, ga rumfa, ga likita kusa. Me za ki koma ki yi a daji da mutumin da—"

"Na ce zan ga jirgin. Matsa, Yaya."

Suka bi ta cikin kasuwa su uku, shi da jaka a kafaɗa, Edileuza a baya tana riƙe da lema tana mita. Suna kusantar tasha ƙarar injina ta taso, goma, ashirin, kowanne da bugunsa. Dalvina ta tsaya cak. Ta damƙe hannunsa har farcenta ya shiga. Ya ce, "Mu koma, ba dole sai yau ba." Ta girgiza kai. Ta ja numfashi, ta ɗaga ƙafa, ta ci gaba. Mace ce mai zuciya, wallahi, tun tana yarinya haka take.

Ruwa ya janye, jirgin yana can ƙasa. Ya fara sauka, ya miƙa hannu, ta bi tsanin a hankali har ta taka katakon jirgin da ƙafa biyu. Edileuza ta tsaya a sama. Dalvina ta dubi rumfar, ta dubi matashin, ta dubi sunanta a goshi. Sannan ta juya inda take tsoron juyawa.

Ta daɗe tana kallon akwatin. Ta durƙusa a daidai wurin da ta durƙusa ranar, ta ɗora tafin hannu a kai, ta bi shi daga inji har baya. Babu ko tsaga da allura za ta shiga. Ya goge gefunan sun yi sumul. A tsakiya ta tarar da 'yar ƙofa da ya maƙala da robar taya, ta ɗaga ta, ta mayar.

"Ta nan ake sa giris?"

"Ta nan."

"Ashe ana iyawa."

Ya kawar da kai.

"Ya yi kyau, Juci. Ya fi na gwamnati, kamar yadda ka ce." Muryarta a kwance take, babu zafi. Ya ji wani abu da ya tokare masa ƙirji wata bakwai ya fara sauka. Ya ajiye jakar a ƙarƙashin rumfa. Har ya kai hannu ga igiya.

"Kwana nawa ka yi kana yin sa?"

Hannun ya tsaya. Mai aladu yana can yana faɗa da wani, Edileuza tana sama ba ta jin su. Da ya ce mako guda, babu wanda zai ƙaryata shi a duniya. Da ya ce sai da ya je har gari neman katako mai jure zafi, da ta yarda, don tana son ta yarda, ya ga haka a idonta. Amma shekara ashirin da uku, ya yi mata jinkiri, ya yi mata taurin kai, ƙarya ce kaɗai bai taɓa yi mata ba. Bai san ta inda ake farawa ba.

"Bai kai kwana ba."

"Yini ɗaya?"

"Bai kai ba."

"Gaya mini."

"Na sha kofi na fara. Kafin rana ta hau kan mangwaro na gama. Fentin ne ya ɗan jira bushewa."

Ita ta san mangwaron, ta san lokacin da rana take hawa kansa. Lokacin ne take gama ba kaji abinci ta ɗora wake.

"Katakon fa? Saya ka yi?"

"Na ƙarƙashin gida ne. Ragowar bencin coci."

"Wanda nake tuntuɓe da shi in zan sauka wanki."

"Shi."

"Guda nawa?"

"Huɗu. Da ƙusa goma sha biyu."

Ta gyaɗa kai a hankali, sau da yawa, hannunta yana kan akwatin. Da ta yi magana ba shi take kallo ba.

"Sau shida aka shiga da ni ɗakin tiyata. Aka yanko fatar cinyata aka liƙa mini a kai, ta ƙi kamawa, aka sake yanko wata. In ciwon ya taso nakan ce wa kaina, Dalvina, kada ki zalunci bawan Allah. Aikin nan ba ƙarami ba ne. Sai an samu ƙarfe, sai mai walda, sai an ɗaga inji, sai an yi mako ba a fita nema ba. Shi ya sa ya yi ta ɗagawa. Kullum haka nake gaya wa kaina. Da wannan na yafe maka, Juci. Da shi na ɗaure jakar nan."

"Dalva, don Allah."

"Ashe kafin wake ya nuna ne."

Ya zube a gabanta a cikin ɗan ruwan da ya taru a ƙasan jirgin. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, yana kuka da sauti a tsakiyar tasha, masu dako suna juyowa suna kallo. Ya ce ta zage shi, ta mare shi, ta sa Edileuza ta zo ta tsinke masa mutunci a gaban kowa. Ya ce zai cire injin ya jefa a kogi, ya tuƙa ta da filafili har gida ko kwana biyu za su yi. Ya ce zai sayar da jirgin.

"Injin bai yi mini komai ba," ta ce. "Juyawa aka ce ya yi, ya juya."

Ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga, kamar yadda take yi in za su shiga coci.

"Ban tsane ka ba. Na yi ƙoƙari a asibiti, na kasa. Amma in na koma, kullum da safe zan ga rana ta hau kan mangwaron nan. Ba zan iya ba."

Ta miƙe. Tsanin yana da tsawo kuma matakan sun yi santsi, don haka da ya miƙa hannu ta kama, ya tallafe ta har ta kai inda Edileuza za ta iya riƙo ta. Sannan ya ɗauko jakar ya miƙa sama da kansa. Edileuza ta karɓa. Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta rufe, ta ɗaga lemar a kan ƙanwarta.

Dalvina ta leƙo sau ɗaya. "Kajin ka ba matar Ozéias. Kai kuma ka riƙa cin abinci."

Ya tsaya yana kallon ɗankwalin mai furanni yana ratsa tsakanin kwandunan asai, ya ɓace, ya sake bayyana kusa da rumfar masu ƙanƙara, ya ɓace. Mai aladu ya ce masa cikin ladabi ko zai matsa, yana son fita.

Ya komo da ruwa yana gaba da shi, tafiyar ta kai awa biyar. Tun daga kwanar farko ta Jaburu mutane suna tsaye a bakin gadojinsu, don kowa ya san bugun injinsa. Mata suka ɗaga hannu, wata har ta fara tafi. Jirgin yana matsowa su ga rumfa da matashi babu kowa, hannuwan su sauka ɗaya bayan ɗaya. Bai dubi kowa ba.

A gadarsa Ozéias yana tsaye cikin rigar Lahadi, matarsa riƙe da tukunya an rufe da tsumma. Ozéias ya karɓi igiyar ya ɗaure.  Matar ta ajiye tukunyar a kan gada, suka shiga kwalekwalensu suka tafi, ko filafilin ba sa so ya yi ƙara.

An share gidan, an sa furanni a kwalba. Jucivaldo ya ɗauki matashin ya nufi matakala. A gindinta ƙafarsa ta bugi wani abu har ya kusa faɗuwa. Ragowar katakon ne, yana nan inda yake tun shekara biyu, ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin gida. Ya tsaya yana kallonsa, idon kafinta ya auna ba tare da ya sa shi ba. Abin da ya rage zai yi akwati uku.